Cin kifin Bahar Maliya a Jidda: daga kan ƙanƙara har zuwa kan sufra

Duk baƙon da ya sauka a gidana daga Najeriya ko Nijar, in ya gama Umara ya huta, abu biyu yake nema: a kai shi Balad, tsohuwar unguwar Jidda mai kasuwanni, ya yi tsaraba, a kuma sayo masa soyayyiyar kazar gidan abincin Albaik. Ba na hana kowa. Amma kafin ya hau jirgi sai na ware masa yini guda na kifi, domin mutum ya zo Jidda ya koma bai ɗanɗani kifin tekun da garin yake kwance a bakinsa ba, tamkar ya je Argungu ne ranar su ya wuni a ɗaki. Tun shekara ta 26 bayan Hijira, da Halifa Usmanu ɗan Affan, Allah Ya yarda da shi, ya mayar da Jidda mashigar Makka ta ruwa, garin nan da teku yake rayuwa. Kafin nan ma mazaunin masunta ne.

Kuskuren da na fi gani a wurin mutanenmu shi ne, da sun shiga gidan kifi sai su nemi wuri su zauna, a miƙo musu takardar jerin abinci, su nuna hoto. A nan ake tafka asara. A gidan kifi na gaske a tsaye ake farawa, gaban teburin ƙanƙara: kai za ka zaɓa da idonka, a auna a gabanka, ka faɗi yadda kake so a dafa. Ga yadda nake bi da baƙina, daki-daki.

Mataki na farko: ina za a nufa, kuma yaushe

Hanya biyu ce. Ta farko Bangala, babbar kasuwar kifi ta Jidda, wadda ke bakin ruwa kusa da tashar jiragen ruwa, ba nisa da Balad. Bayan sallar Asuba ake gwanjo, abin da mutanen nan ke kira haraj. A zube kifi, dillali ya ɗaga murya, masu gidajen abinci da 'yan sari su yi ta tayawa. Kai da ka zo sayen na cin rana ɗaya ba ruwanka da gwanjon. Tsaya gefe ka sha kallo, in ya lafa ka shiga layin masu sayarwa da kilo. A cikin kasuwar akwai sashen masu gyara, akwai kuma inda ake soyawa da gasawa, don haka da ɗanyen kifi za ka shiga layi, da dafaffe ka fito. Nan ya fi araha, nan kuma ya fi zaɓi. Sai dai ƙasa a jiƙe take koyaushe, ga turereniya, ga ƙarni. Kada ka sa fararen kaya, kada ka sa takalmin da kake ji da shi, kada kuma ka ja dattijo mai ciwon gwiwa zuwa can.

Hanya ta biyu ita ce gidajen kifin da ke arewacin gari, a kan hanyar Madina: Dahaban, sannan Tuwal, wanda a allon hanya za ka ga an rubuta Thuwal. Tuwal tsohon garin masunta ne mai nisan kamar kilomita 80 daga Jidda, kuma a gefensa aka gina jami'ar KAUST da aka buɗe a 2009. Gidan kifin da na fi so a wannan yankin yake, kuma in da iyali ne ko manya, can nake kai su.

Game da lokaci, daga Nuwamba zuwa Maris ne zama a waje yake da daɗi. Da bazara iskar Jidda tana da danshi mai nauyi, ko da dare gumi kake yi, sai dai a shiga ɗaki mai na'urar sanyaya wuri. Tun 2013 hutun ƙarshen mako a Saudiyya Juma'a da Asabar ne, saboda haka daren Alhamis da yinin Juma'a gidajen nan cike suke maƙil, mai suya yana gaggawa, kifi mai kyau yana ƙarewa da wuri. Ku zaɓi Litinin, Talata ko Laraba. Ku tashi bayan La'asar, ku isa da sauran haske, ku zaɓi kifi, a ɗora shi a wuta ku kuma ku tafi sallar Magariba. In daga Makka kuka taso, ku yi ciniki da direba a kan zuwa da dawowa, ya jira ku, ku kuma sa shi a lissafin abinci. Neman motar dawowa daga Tuwal da daddare wahala ce da ba ta da dalili.

Mataki na biyu: ka san sunayensu kafin ka tsaya gaban ƙanƙara

Mu mun saba da ƙarfasa da tarwaɗa da ragon ruwa da giwan ruwa, sai kuma kifin kwali da ake kawo mana a daskare. Kifin nan wata duniya ce daban. Babu wani kogi mai gudu duk shekara da ke zuba a Bahar Maliya, ga zafin rana yana ƙafar da ruwa, shi ya sa gishirinsa ya kai kamar giram 40 a kowace lita, alhali yawancin tekuna 35 ne. Ruwan garau yake, ba laka, kuma kifin da aka fi so a tsakanin duwatsun murjani yake kiwo. Wannan ne dalilin da ya sa ba za ka ji warin taɓo da muka sani a tarwaɗar tafki ba.

Najil shi ne sarkinsu a wurin mutanen Jidda. Ja ne, da ɗigo-ɗigon shuɗi a jiki, namansa fari tas, yana ɓarewa fale-fale, ƙayarsa kaɗan. Shi ya fi tsada, kuma in baƙonka mai daraja ne shi ake sa masa a gaba. Hamur ɗan uwansa ne, mai ruwan ƙasa da dabbare-dabbare da ƙaton kai. Namansa ya fi kauri, yana jure wuta. Sha'ur kuwa shi ne kifin kowa da kowa, mai ɗan dogon baki, farashinsa da sauƙi idan aka gwada da najil, kuma wanda bai taɓa cin kifin teku ba da shi nake fara masa, don ba ya ba da kunya.

Harid ba ya ɓuya: kore da shuɗi ne kamar an yi masa rini, bakinsa kamar na aku, da shi yake kankare abincinsa a jikin murjani. Namansa laushi gare shi ƙwarai, har wasu ba sa son sa don hakan, wasu kuma ba sa haɗa shi da komai. A tsibiran Farasan na yankin Jazan har biki ake yi duk shekara idan ya taru a bakin gaɓa. Sijan ƙarami ne, ganyen ruwa yake ci, yana da wani ɗanɗano nasa na daban da 'yan gari suke so. Amma kada ka kai hannu ka ɗauke shi ɗanye, ƙayoyin bayansa suna da dafi, sukarsu tana raɗaɗi ko bayan ya mutu. Dirak, wanda mutanen gabashin ƙasar ke kira kan'ad, dogo ne, ana yanka shi gunduwa-gunduwa, ƙashi ɗaya ne a tsakiya. Shi nake saya wa yara da tsofaffi. Arabi mai maiƙo ne, na gashi. Sai bayad, kuma a nan 'yan uwanmu da suka taso a Sudan su lura: bayad ɗin kogin Nilu mai gashin baki ne, dangin ragon ruwa, na Jidda kuwa farin kifin teku ne mai faɗin jiki da tsaurin nama. Suna ne kawai ya haɗa su.

Ba sai ka haddace duka ba. Ka riƙe huɗu: najil, hamur, sha'ur, dirak. Mai sayarwa yana jin ka ambaci suna zai san ba yau ka fara ba.

Mataki na uku: duba kifin da kanka

A nan ne aikin yake, kuma a nan na fi so a daɗe.

Shekarun baya, a wani gidan abinci da ba zan ambata ba, na zauna na ba da oda daga kujera saboda muna sauri. Aka kawo kifin da aka ce najil ne, an lulluɓe shi da kayan ƙamshi. Na kai hannu, naman ya narke kamar jiƙaƙƙiyar auduga, ruwa yana tsatsa daga cikinsa. Kifi ne da ya daskare aka narkar, mai yiwuwa ba sau ɗaya ba. Baƙina ba su ce komai ba don kara, amma na ga sun koma kan shinkafa. Abin ya dame ni kwanaki, domin mutane ne da suka yi tafiya mai nisa na kuma cika musu baki. Tun ranar ban sake barin wani ya zaɓar mini ba.

Fara da ido. Idon sabon kifi a cike yake, yana ƙyalli, baƙin tsakiyarsa baƙi wuluk. In ya faɗa ciki ko ya yi hazo-hazo kamar na mai yanar ido, wuce. Sannan ka ce a ɗaga maka murfin kunnensa ka ga abin da yake numfashi da shi: ja jawur ake so, mai danshi. In ya koma ruwan ƙasa ko toka-toka, ko yana da yauƙi mai kauri, ya kwana biyu. Danna yatsa a gefen bayansa. Naman ya kamata ya taso nan take, kada ya bar rami. Ka ce a ɗaga shi ta kai: sabon kifi a miƙe yake ko ya ɗan lanƙwashe kaɗan, wanda ya gaji kuwa sai ya saki jiki kamar tsumma. Duba cikin ma, kada ya zama ya kumbura ko ya fashe. Daga ƙarshe ka sunsuna. Warin ruwan teku ake so ka ji. Ƙarni mai hawa kai alamar tsufa ce, ba halin kifi ba ne.

Wannan duka daga wurin Goggona na ƙara koyonsa. 'Yar Yawuri ce, a gidan masunta ta tashi, ba ta jin Larabcin kasuwa ko kalma ɗaya. Na kai ta Bangala, mai kifi ya ɗago wani ƙaton hamur yana rantsuwa na yau ne. Ta danna shi sau ɗaya, ta leƙa kunnen, ta juyo gare ni.

"Ɗan nan, ka ce masa ya ji tsoron Allah. Wannan ya ga ranar jiya, ya ga ta shekaranjiya."

"Goggo, ya ce da asubar nan aka kawo."

"Kawowa daban, kamawa daban. Ka ce ya ɗauko na ƙasan teburi."

Na fassara. Mutumin ya dube ta, ya yi murmushi, ya sunkuya ya jawo wani akwati da bai buɗe wa kowa ba. Maganarta kuwa gaskiya ce har a kan yadda kasuwar take: ba duk kifin da ke Jidda ne aka kama a ruwan Jidda ba. Wani daga Jazan ko Kunfuda ko Yanbu aka yi doguwar tafiya da shi a mota, wani daga wajen ƙasar ma ya zo, wani kuma na kiwo ne. Don haka ka yi tambaya da kalmomin da suke ji. "Baladi?" wato na ruwan nan ne? "Mustaurad?" wato shigo da shi aka yi? "Mazari'?" wato na gona ne? "Taza walla mujammad?" wato sabo ne ko daskararre? Na kiwo ba laifi ba ne, kifin da ake kira denis da yawancin jatan landen da za ka gani na gona ne kuma suna da daɗi. A Lis, kudu da Jidda, akwai babbar gonar jatan lande a bakin teku. Laifin shi ne a sayar maka da shi a kan kuɗin baladi.

Mataki na huɗu: sikeli da ciniki

Da kilo ake sayarwa, ɗanye, da kai da hanji. Ka sa a ranka kusan rabin nauyin zai tafi a kai da ƙashi da kayan ciki da abin da wuta za ta sha. Ni rabin kilo nake lissafa wa kowane babba, in kuma za a haɗa da jatan lande sai in rage kaɗan. Mutum shida, kilo uku ke nan. Kada ka zuba kilo ukun a kan ƙaton kifi guda. Gara biyu ko uku masu nauyin kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi, iri daban-daban, don wuta ta fi ratsa su daidai kuma kowa ya ɗanɗana nan da can.

Tambayi farashi kafin a ɗora a sikeli: "Bikam al-kilo?" A Bangala ana tayawa, kuma zagaya teburi uku ko huɗu kafin ka tsaya ya fi kowace irin iya magana amfani. A gidajen abinci farashi a rubuce yake, ba a cika ragewa ba. Abin da za ka tabbatar a can shi ne ko kuɗin dafawa yana ciki, da kuma harajin kashi 15 cikin ɗari da ake ɗorawa tun watan Yulin 2020. Ka tsaya ka ga lambar sikeli da idonka, ka ga an zubar da ƙanƙarar da ke cikin kwando kafin a auna. In an ba ka 'yar takarda mai lamba, adana ta, da ita za a gane kifinka a wurin wuta.

Mataki na biyar: gyara

A nan gyaran kifi tanzif ake ce masa. Za a kankare ɓawon, a cire hanji da abin cikin kunne, a wanke. A Bangala wannan sashe daban ne da kuɗinsa daban, gwargwadon nauyi. Ka faɗa musu tun kafin wuƙa ta sauka ko na suya ne ko na gashi, don yankan ya bambanta: na suya ana tsaga shi a gefe biyu don mai ya shiga, na gashi sau da yawa ana buɗe shi ta baya a shimfiɗe kamar littafi. Kuma ka ce a bar kan.

Mataki na shida: abin da za ka faɗa wa mai wuta

Ana kiransa mu'allim, kuma in ka ce "ya mu'allim" da fara'a ka riga ka yi rabin aikin. Kalmomi uku ne: magli, soyayye, mashwi, gasasshe, furn, na tanda.

Suyar mutanen Hijaz ba ta da kwalliya. Gishiri, kayan ƙamshin da suke kira kammun, tafarnuwa, lemun tsami, sai a jefa kifin gaba ɗayansa cikin tafasasshen mai mai zurfi har fatar ta yi ƙaras-ƙaras. Wannan ita ta dace da sha'ur da harid da sijan da matsakaicin najil. Harid musamman, saboda laushinsa, in aka gasa shi rugujewa yake yi. In kana son suyar ta bushe sosai ka ce "mugarmash"; amma ga najil ni ba na yarda a wuce da shi, don zaƙin naman a danshinsa yake. Leƙa kaskon kafin ka amince: man da ya yi baƙi ya sha suya, zai ɓata maka kifi komai kyansa.

Gashi na masu kaurin nama ne da masu maiƙo: babban hamur, bayad, arabi, denis. Ka tambaya ko a kan garwashi ne, "alal faham", domin wasu a kan faifan ƙarfe suke yi kuma ƙamshin ba ɗaya ba ne. Na tanda kuwa a tire ake jera shi da tumatir da albasa da tattasai, wani lokaci da tahina, wato niƙaƙƙen riɗi. Yana da kyau ga wanda likita ya hana maiƙo. In gidan suna yin mutaffa, ku karɓi faranti ɗaya: soyayyen kifi ne da ake sake turarawa a cikin miyar tsamiya da tumatir, kuma shi ne abin da ya fi kusa da harshenmu.

In ka rasa yadda za ka yi, ka ce "nus u nus", rabi a soya rabi a gasa. In kuma hamur ɗin ƙato ne, ka roƙi a yi maka shurba, wato romo, da kan.

Shawara ɗaya da nake dagewa a kai: kada ka ce a cika yaji da kayan haɗi. Ka biya kuɗin sabon kifi ne don ka ji kifin. Yajinmu na gida, mai ƙuli-ƙuli da citta, ka zo da shi a 'yar kwalba cikin aljihu, babu mai hana ka. Amma lomar farko ka ci ta haka nan da lemun tsami kawai.

Mataki na bakwai: abokan tafiya

Shinkafar kifi a nan sayadiyya ce. Launinta ruwan ƙasa ne, ba don tumatir ko manja ba. Albasa ake soyawa har ta yi duhu dab da ƙonewa, a dafa shinkafar a ruwanta da romon kifi da kammun. Mai kyau tana warwarewa, tana da ɗan zaƙin albasa da ɗan ɗaci kaɗan a ƙarshe. In ɗacin ya yi yawa albasar ta ƙone ke nan, ka ce a canza. Faranti ɗaya yakan ishi mutum biyu.

Sai ƙananan kwanuka uku. Humar, wato miyar tsamiya, wadda duk Bahaushen da ya sha kunun tsamiya zai gane ta nan take, ita ke yanke maiƙon suya. Tahina, niƙaƙƙen riɗi da aka dama da lemun tsami da tafarnuwa. Daggus, markaɗaɗɗen tumatir da barkono. Ka ƙara da gurasa mai zafi da ganyen jarjir da yankakken lemun tsami. Ya isa haka. Dankali da sambusa da sauran tarkace cika ciki kawai suke yi kafin kifi ya iso.

Jatan lande, ƙaguwa da sauransu

A nan mutanenmu kan ja baya. Kawuna da ya ga tiren jambari, wato manyan jatan lande, da kaburiya, wato ƙaguwa, da habbar mai hannuwa barkatai, sai ya janye hannunsa.

"Kai, yaro, wannan ai kunamar ruwa ce. Ya halatta kuwa?"

"Kawu, Allah Ya ƙara maka lafiya, ai a Muwaɗɗa da ka karantar da mu yake. Da aka tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da ruwan teku, ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne."

Ya yi shiru, sannan da kansa ya jawo aya ta 96 a Suratul Ma'ida, inda aka halatta farautar teku da abincinsa. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai, dabbobin teku halal ne. Hanafawa ne suka taƙaita a kan kifi, shi ya sa za ka ga wasu 'yan Pakistan ko Turkiyya suna kauce musu. Na ɓare masa ɗaya na ce ya ɗauka kamar fara ce. Ya ci, ya sake miƙo hannu.

Wajen zaɓe, jatan lande ya zama da tauri, kan yana manne da jiki, ba baƙi a wuyan. Kuma a yi hattara da gaske: wasu jikinsu ba ya karɓarsa. Wanda bai taɓa ci ba ya fara da ɗaya ya dakata. In leɓe ya fara kumburi, ko jiki ya yi ƙaiƙayi da borin jini, ko numfashi ya yi nauyi, a daina nan take a kira motar asibiti a 997.

Mataki na takwas: zama

Za a tambaye ka "mahalli walla safari", a nan za ku ci ko tafiya za ku yi da shi. Ka ce mahalli. Tun ƙarshen 2019 doka ba ta tilasta raba ƙofar iyali da ta maza zalla ba, amma gidajen kifi da yawa sun bar rumfunan iyali masu labule, kuma in kana tare da Hajiya da yara ka ce "awa'il", wato iyalai, a ba ku guda.

Gidan da nake zuwa ba shi da wani ado. Fili ne da aka kewaye, an jera rumfuna, kowace da kilishi da matasan jingina. Daga inda nake zama ana hango ƙananan jiragen masunta a ɗaure suna rausaya, hayaƙin gawayi yana tasowa daga bayan kicin yana gauraya da iskar gishiri. In rana ta zo faɗuwa, tunda teku a yamma yake, sai ruwan ya yi ja gaba ɗaya, ana haka a kira salla, wuri ya yi tsit, ma'aikata da masu ci su haɗu a sahu ɗaya. Bayan sallama kuma hayaniya ta dawo: Larabci, Urdu, Bangalanci, wani lokaci ka tsinkayi Hausa daga rumfar maƙwabta, irin Hausar waɗanda kakanninsu suka zo aikin Hajji a ƙasa ta Sudan suka ƙetaro wannan ruwan daga Sawakin. Ba na gajiya da wannan sa'ar. Kyanwoyi kuma suna nan suna zagaye, su ma sun san lokaci.

Dafawa takan ɗauki minti 30 zuwa 45, fiye da haka in da cunkoso. Kada ka matsa wa mu'allim. Shurbar kai ta fara zuwa, ku sha da lemun tsami.

Mataki na tara: ci

Za a shimfiɗa sufra, ledar cin abinci, a dire tire a tsakiya. A wanke hannu, a yi bisimilla, a ci da hannu, don yatsa yana jin ƙayar da cokali ba ya ji. Fara da soyayyen tun yana zafi, gasasshen ya fi haƙuri. Bi layin da ya ratsa tsakiyar kifin daga kai zuwa wutsiya, ka zame naman sama zuwa gefen baya, na ƙasa zuwa gefen ciki. In gefe ɗaya ya ƙare kada ka kifar da shi. Kama ƙashin tsakiya ta wajen wutsiya ka ɗaga, zai taso gaba ɗaya ya bar maka ɗaya gefen a shimfiɗe. Ƙananan ƙayoyi a gefen baya da kewayen ciki suke taruwa, can za ka sa ido. Naman kumatun hamur da najil, ɗan dunƙulen da ke ƙasan ido, shi ne mafi daɗi a jikin kifin duka. A ciro shi a miƙa wa babban da ke wurin.

Yara a tsince musu a faranti daban, a murtsuke naman da yatsa kafin a ba su. In ƙaya ta maƙale wa wani, kada a ce ya haɗiyi ƙatuwar lomar shinkafa don ta tura ta, hakan kan ƙara cusa ta cikin nama. Ya yi tari, ya kurɓi ruwa a hankali. In tana nan ko haɗiya tana ciwo, a tafi asibiti a cire.

Bayan an gama, a goge hannu da ɓawon lemun tsamin da aka matse kafin a sa sabulu, shi ke kashe ƙarni. Sai shayi da na'ana'a ko habak, ganyen nan mai ƙamshi da aka san Madina da shi.

Lissafi da guzuri

Ka ce "al-hisab", ka gwada nauyin da ke takardar da wanda ka gani a sikeli. Ana karɓar kati kusan ko'ina, amma katin bankin gida yakan ƙi aiki ba zato, don haka ka riƙe Riyal a hannu.

Abin da ya rage kada a bari a zubar; ka ce a ƙulle maka safari, kifi daban, shinkafa daban, kan ma a haɗa. Kada ya wuce awa biyu a mota kafin ya shiga firji, in lokacin zafi ne ma awa ɗaya. In ta Jidda za ku ratsa kuna da sauran ƙarfi, ku bi ta Kornish, titin bakin teku, ku ga ruwan nan na Sarki Fahad da ke feshi sama kusan mita 300 tun 1985, da dare an haska shi. Da safe kuma a tsince ragowar naman, a soya albasa da attaruhu, a juye sayadiyyar a kai a zuba kifin, a barbaɗa yajin kwalbar nan. Kan hamur ɗin a ba Goggo, farfesu za ta yi da shi, da daddawa da kimba da ta ƙullo tun daga Yawuri.